Taya Mai Haƙora da Zaman Inna

Akwai wata safiyar Talata a farkon damina da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. A idon mai wucewa ba wani abu ne ya faru ba: babu wanda ya faɗi, babu jini, ko madubin mashin bai tsage ba. Amma har yau, da furfurata da komai, in na tsaya gaban mai sayar da taya sai wannan safiyar ta dawo mini sabuwa fil.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofis da ke unguwar GRA a Bauchi, ina zaune da iyalina a Gwallameji, mahaifiyata kuma tana gidanmu na gado a Gwallaga. Ina da wani jan mashin da nake ji da shi ƙwarai, har matata takan ce da zan kula da ita rabin yadda nake kula da shi da ta yi ƙiba. Ni ne ɗan fari a wurin Inna, ita kuwa irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Kakata ce ta raine ni. Inna ba ta kama sunana, sai dai ta ce "Yayansu". Ba ta haɗa ido da ni, ba ta taɓa jikina, in za ta ba ni abu sai ta ajiye in ɗauka. Ba zan ɓoye ba, tun ina ƙarami abin yana ɗan sosa mini rai, musamman in na ji tana ƙwala wa ƙannena kira da sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Sai hawan jini ya kama ta, likita ya ce a riƙa kawo ta kowace Talata ana dubawa har magani ya karɓe ta. Inna da asibiti ba sa shiri, da ƙyar da lallami ta yarda. Jiran keke mai ƙafa uku da safe a Gwallaga kuwa yana sa ta jiri, shi ya sa na ce ni zan riƙa kai ta kafin in wuce ofis. Zamanta a bayan mashin shi ne abin kallo. Zaman gefe take yi irin na matanmu, ƙafafu biyu duk a hagu, ta bar tazarar kusan taƙi guda tsakanina da ita, ta sa hannu ɗaya ta riƙe ƙarfen ɗaure kaya na bayan kujera, ɗayan kuma yana riƙe da mayafi da katin asibiti. In na ce, "Inna, ki riƙe rigata mana," sai ta kau da kai ta ce, "Ja mu je, rana tana yi."

Ana cikin haka tayar baya ta cinye, zanenta ya shafe tas. Na kai maganar ofis. Akwai wani abokin aikina, mutumin kudancin Bauchi, da kowace Asabar yake hawa mashin zuwa ƙauyensu ya yi coci da iyayensa ya dawo ran Litinin. Ya ja ni waje ya nuna mini tayarsa, mai manyan haƙora a jere, ya buga ta da ƙafa ya ce, "Oga, wannan shi ne taya! Shekara biyu ina hawansa, laka, dutse, rafi, ko faci bai taɓa sha ba." Na duba na ga yadda ta cika bayan mashin ɗinsa, ta ba shi kwarjini. Nan take na yanke shawara. Gaskiya ya gaya mini, amma gaskiyar hanyar ƙauyensu, ni kuma ban tsaya na tambayi kaina ko ni ma can nake zuwa ba.

Da yamma na biya wurin wani dattijo mai sayar da taya da yin faci a bakin layinmu na Gwallaga, wanda tun ina ɗan makaranta nake ganinsa a wannan rumfar. Muka gaisa, na nuna taya mai haƙora da ke rataye na ce ita nake so. Bai tashi ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, gona ka saya?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To, ina kake zuwa da mashin ɗin?"

"Gida, ofis, sai asibiti ran Talata."

"Duk kwalta ke nan. Wa kake goyawa?"

Raina ya fara ɓaci, don ni taya na zo saye, ba tambayoyin neman aure ba. Na ce Inna nake ɗauka. Ya ce ai yana ganinmu muna wucewa, ya kuma ga irin zamanta. Sai ya miƙe ya sauko da wata taya daban, mai ƙananan zane a karkace, ba ta da wani kwarjini ko kaɗan. Ya jera su biyu a gabana, ya ce in danna farcena a kowacce. Mai haƙoran ta ƙi shiga, ɗayar kuwa farcen ya ɗan nutse. Ya ce, "Ka ji bambancin? Mai taurin za ta daɗe, ban musa ba. Mai taushin ita ke kama kwalta." Daga nan ya kwantar da kowacce a karkace ya ce in duƙa in gani. "In kana tafiya miƙe, tsakiyar taya ce a ƙasa. In ka zo kwana, a kan kafaɗarta kake tafiya. Dubi kafaɗar wannan, haƙori nawa ne suka taɓa ƙasa? Biyu. A laka za su nutse su riƙe. A jiƙaƙƙiyar kwalta ina za su nutse? Ga Hajiya duk nauyinta a gefe ɗaya, ba ta kuma riƙe ka."

Na ji duk abin da ya faɗa, wallahi na ji, amma idona yana kan haƙoran nan. Na ce a raina tsoho ne kawai yake son ya rabu da wadda ta daɗe a rumfa. Na ce, "Baba, sa mini wadda na nuna." Bai ƙara jayayya ba. Ya kwance wili ya sa mini ita, ya ba ta iska, ya juya ta ya ga ta zauna daidai. Da zan tafi ya ce, "In an yi ruwa, ka sauke Hajiya kafin shataletalen hanyar asibiti, ku taka da ƙafa." Na yi dariya na ce to.

Mako uku ina fankama da tayata. A busasshiyar kwalta tana wani gurnani da nake jin daɗinsa, duk da cewa in na sha kwana nakan ji bayan mashin yana ɗan rawa. Na ɗauka rashin sabo ne. Inna ma ta taɓa cewa, kamar da iska take magana, "Abin nan ya koyi jijjiga." Na yi kamar ban ji ba.

Ranar Talatar da nake magana, an yi yayyafi bayan asuba, irin na farkon damina wanda ba ya wanke hanya, sai dai ya jiƙa dattin da baƙin man da motoci suka zubar. Gari ya yi luf, ƙanshin ƙasa ko'ina. Na ɗauko Inna kamar kullum. Muka iso babban shataletalen da ke kan hanyar asibiti, maganar dattijon nan ta faɗo mini a rai sarai. Na duba na ga mutane, na ce yanzu in sauke tsohuwa ta taka da ƙafa ni ina tura mashin, a ce me? Na rage gudu sosai, na shiga. Wallahi ba gudu nake yi ba. Ina kwantar da mashin hagu, ɓangaren da ƙafafun Inna suke, sai na ji bayansa ya tafi sululu, kamar an janye tabarma a ƙarƙashinmu.

Abin bai wuce ƙiftawar ido ba. Na dire ƙafata ta hagu a ƙasa da ƙarfi, mashin ya karkace ya tsaya, wani mai keke a bayanmu ya taka burki yana salati. A cikin wannan ƙiftawar Inna ta zame daga kujera, ta saki ƙarfen, ta damƙe rigata da hannu biyu, ta kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, sau ɗaya. Ina da shekara talatin da 'yan kai a duniya, ban taɓa jin yadda yake fita a bakinta ba sai ranar.

Na ja mashin gefe. Ta sauka, ta saki rigata, ta gyara mayafi, ta dubi wani wuri daban ta ce, "Yayansu, ɗauko mini takalmina." Yana can tsakiyar titi tare da katin asibiti. Na ɗauko na ajiye a gabanta. Mai keken nan ya ce, "Hajiya, shigo in ƙarasa da ke," ta shiga. Na bi su a baya a hankali har asibiti, ina kallon gefen mayafinta. Da aka gwada jininta ya hau sosai, ma'aikaciyar ta tambaya ko wani abu ya tayar mata da hankali, Inna ta ce, "Ba komai, 'yata, hanya ce." Ko a nan ma rufa mini asiri ta yi, kuma wannan ya fi zafi a kan ta zage ni.

A keke ta koma gida. Da na shiga yi mata sallama ta ce, "Mako mai zuwa ka huta. Maganin ma ya isa haka." Ni kuwa na san Inna, in ta ce ya isa to ta gama da asibiti ke nan, ga shi likita ya ja kunnenmu kada a yi fashi.

Daga nan rumfar dattijon na nufa, ina shirin shan gori. Ya dubi fuskata, ya dubi laka a ƙafar wandona, ya ce, "Ta faɗi?" Na ce ba ta faɗi ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kafe shi a nan." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya wuce ba. Ya sa mini mai ƙananan zanen, ya nuna mini kibiyar da ke jikinta, ya ce dole ta kalli inda wili ke juyawa don zanen ya riƙa watsar da ruwa waje. Ya ce kada in bar masu iska su tumbatsa ta har ta yi tauri, kuma sabuwar taya tana da santsi a fuska, in lallaɓa ta na 'yan kwanaki. Na ce, "Baba, ai ta ce ba za ta sake hawa ba." Ya yi murmushi ya ce, "Kai ma ba ka yarda da tayar ba tukuna, ina ita? Nemi rabin buhun masara ka ɗaure a baya, nauyin ya rinjaya hagu kamar zamanta. Ka yi ta zagaya shataletalen nan, har in an yi ruwa, sai hannunka ya san inda take kamawa."

Haka na yi. Kwana shida, kafin ofis da bayan an tashi, ni da buhun masara muna zagaya shataletale. 'Yan acaɓan wurin suka gane ni, in na ɓullo sai su ce, "Mai masara ya iso!" Abokan aiki suka yi ta tsiya, ban da mutumin kudu da ya shiga damuwa yana ba ni haƙuri. Na ce masa laifina ne, na kuma ba shi mai haƙoran, ya kai ta inda aka yi ta domin shi. Sau biyu aka yi ruwa a makon, na shiga kwanar da zuciya ɗaya-ɗaya, taya ta zauna daram.

Ran Talata na je ƙofar gida ba tare da an kira ni ba, na kashe mashin na zauna a kai. Ban aika ba, ban shiga ba. Can sai ga Inna ta fito da mayafi da kati a hannu. Ashe labari ya riga ya zaga unguwa. Ta tsaya ta dubi tayar baya ta daɗe, sannan ta ce, tana kallon bango, "An ce buhun bai faɗi ba." Na ce, "Bai faɗi ba, Inna." Na ga gefen bakinta ya motsa. Ta hau, ƙafafu biyu a hagu, tazarar taƙi guda, hannu a kan ƙarfe. Muka wuce shataletalen lafiya lau, muka ci gaba da zuwa har likita ya sallame ta.

Inna ta rayu shekaru da dama bayan haka kafin Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta. Ba ta sake kiran sunana ba, ni kuma ban sake marmarin ta kira ba, tunda na ga irin tsoron da sai da ya kama ta kafin ya fito. Abin da na koya shi ne, taya ba don idon mai mashin ake zaɓenta ba, ba kuma don hanyar wani ba. Ka dubi hanyar da kake bi kullum, ka dubi wanda ke zaune a bayanka da yadda yake zama, in wanda ya san aikin ya yi magana ka saurara. Ita Inna ba ni take riƙewa ba, ƙarfe take riƙewa, ƙarfen kuma a kan tayar da na zaɓa yake.