Ranar da Na Kori Garken Karibu

Mun tashi da asuba daga Rogo a wata bas da sai da muka tura ta sau biyu kafin Ƙaraye. Ni malamin dabbobi ne, an tura ni kwas na wata uku a Kanada, kuma da aka gama sai makarantar ta kai mu huɗu wani gandun daji can ƙuryar arewa, inda ƙanƙara ke mulki.

Jirgin ƙarshe da muka hau bai fi a-kori-kura girma ba. Ya sauke mu a kan tsakuwa ya tafi. Ba hanya, ba bishiya ko ta rataye buta. Rana kuwa ta ƙi faɗuwa, sai kewaya take yi, na koma bin agogo wajen salla. A ƙauyen da muka biyo na tambayi kuɗin albasa ɗaya, aka faɗa, na mayar da ita a hankali kamar ƙwai.

Masu wurin wata ƙabila ce da ake kira Inuwit, tun kaka da kakanni. Wani dattijonsu ya karɓe mu a zangonsu na bakin kogi, matarsa ta ba mu busasshen kifi da shayi. Jiran karibu suke yi, wata dabba mai girman maraƙi, ƙahonta kamar rassan itace. In garken ya ƙetare kogin, a nan iyalin ke samun naman da zai kai su ƙarshen sanyi.

Dattijon ya ce, “Ɗana, ka kwanta bayan dutsen nan. Kada ka motsa.”

Na ce, “Baba, ai shekarata goma sha biyu cikin dabbobi.”

Ya nuna mini dutsen, na je na kwanta.

Can sai tudu ya fara tafiya. Wallahi haka na gani, ashe garken ne ke gangarowa. Daidai lokacin sauron wurin, wanda na madatsar Ƙaraye ba zai iya riƙe masa jaka ba, ya samu wuyana. Na miƙe zumbur da farar rigata a kan kwat, ina marin kaina ina salati. Jagorar garken ta tsaya, ta kalle ni, ta juya. Duk suka bi ta.

Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma wannan ya fi duka zafi. Matar dattijon ta mayar da wuƙaƙenta cikin jaka, na kasa kallonta.

Kwana biyu muka ƙara muna jira. Da garken ya dawo, dattijon ya lulluɓe ni da fata, ya ɗora mini dutse a gadon baya, wai don tuni. Sauro ya ci rabonsa, ban ko yi tari ba. Suka samu namansu, na taya fiɗa, a nan ne kawai iliminmu na gida ya yi rana.

Tafiyar ta koya mini cewa takardar shaida ba ta jin sanyi, amma ba ta san hanyar kogin wasu ba. Baƙo ya yi shiru, ya kwanta inda aka ce.

Da na dawo, na ba wani ardo a Zoza labari. Ya ce, “Malam, garken na waye?”

Na ce, “Ba na kowa ba.”

“Wa ke musu allura?”

“Babu.”

Ya gyara sandarsa a kafaɗa. “To, me ya kai ka?”