Sunan da Ya Kusa Gogewa

Har gobe ina tuna safiyar da Muhandis Adil, injiniyanmu, ya miƙo mini galan ɗin asid. Lokacin shekarata huɗu ina gyaran duwatsun kaburbura a tsohuwar maƙabartar Turawan Ingila da ke Tsohuwar Alƙahira, kullum daga unguwar Ard al-Liwa nake tasowa. A aikinmu muhandis ke ba da umarni, usɗa kuma, wato ƙwararren ma'aikaci, shi ke taɓa dutse da hannunsa. Ban daɗe da zama usɗa ba.

Wata tsohuwa ce ta zo daga Ingila neman kabarin kakarta. An nuna mata wasu fararen duwatsu biyu a gindin katanga, amma gishirin ƙasa da hayaƙin motoci sun rufe rubutunsu, ba a san wanne ne ba. Ga shi ran Alhamis za ta koma gida.

Muhandis ya ce, "Yalla Haruna, maza zuba musu, minti goma sun yi fari, khalas, shi ke nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za su yi fari, amma asid zai cinye ragowar haruffan."

"Jibi fa matar nan za ta tafi."

"To ka ba ni zuwa jibin. In na kasa, ka ba wani aikina."

Ya dube ni, ya ajiye galan ɗin.

Ƙa'idar ita ce ruwa zalla da burushi mai laushi, sai a lulluɓe dutsen da jiƙaƙƙiyar auduga ta tsotse gishirin. Wuni guda na yi a durƙushe kan na farko. Da hantsi washegari na karkato hasken rana da madubi ta gefe, inuwar haruffa ta fito. Tsohuwar ta karanta, ta girgiza kai: na wani soja ne.

Gwiwoyina sun kumbura, amma na koma kan na biyu, ban tashi ba sai don salla. Ran Alhamis, tasi na jiranta a ƙofa, na sake ɗaga madubin. Ta sunkuya tana bin haruffan da yatsa, sai ta zauna a ƙasa ta kira sunan: "Edith." Ashe sunan kakar aka sa mata.

Ku da kuka shigo sana'ar nan, ku riƙe wannan: datti ana wanke shi gobe, amma harafin da ka cinye ya tafi ke nan. Mai kabarin ba ya da bakin hana ka, sai dai kai ka hana hannunka.