Shekara Shida Bayan Baba: Giyayyun Bakin Fadama

Yau shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Daga Riyad nake rubuta wannan, a ɗan gidan hayarmu na unguwar Suwaidi, inda aikin maigidana ya kawo mu. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da yadda maganar ta zo.

Fadamar garinmu baƙar ƙasa gare ta, ta ruɓaɓɓen ganye, in ka taka sai ta lotsa. Da aka janye ruwanta aka sare itatuwa, sai ta bushe, har wata shekara wuta ta ci ta ta ƙarƙashi. Duk abin da aka dasa mutuwa yake yi. Baba ne ya riƙa zuwa gindin tsoffin itatuwan giyayya da suka rage a bakin ruwa, ya tona da hannu a hankali, ya ɗebo ƙasar da ke manne da saiwa, mai farin zare-zare kamar funfuna. A jiƙaƙƙen buhu yake kawo ta don kada rana ta taɓa ta, kowane ramin dashe ya zuba masa tafi guda. Ana ta tsokanarsa wai mai takin ruɓa, amma nasa ne suka kama. Ni kaina na taɓa wanke saiwar dashensa tas, a zatona ƙazanta ce. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Uwata, kin raba shi da mai ciyar da shi."

Bana maƙwabciyata, matar wani injiniyan gona, ta nuna min a waya yadda masana a wasu ƙasashe ke ɗebo irin wannan funfunar suna farfaɗo da fadamun da suka mutu. Da Baba na nan, dariya zai yi, ya tambaya ko suna mayar da ƙasa bayan sun tona.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Yayyena sun shirya sare giyayyun su yi gawayi, su shuka shinkafa, kuma itatuwan a kasona na gado suke. In itatuwan suka tafi, babu inda za a sake ɗebo ƙasar nan. Babbanmu, Yaya Sani, ya ce in ji da 'ya'yana da ko Hausa ba ta zauna a bakinsu ba, me za su yi da itace? Maganar ta soke ni, don tsorona ke nan kullum. Amma Baba bai bar mana ginin kirki ba. Abin da ya bari yana ƙarƙashin itatuwan nan, kuma abu ne mai rai.

Tun da na tashi ban taɓa yi wa Yaya musu ba. Jiya na kira shi a waya na ce masa, "Yaya, ka noma naka, Allah Ya sa albarka. Nawa dai kada gatari ya shiga." Ya kashe wayar. Yau da safe na sake kiransa, na gaishe shi, na maimaita masa.