Mashigin Rafinmu

Ƙauyenmu yana bayan Garaku, kuma saboda rafi kakanni suka zauna a nan. Gidaje a wannan gefe, gonakin doya a ƙetare. A da kowa ya san mashigin, ruwan ba ya wuce gwiwa.

Da gine-ginen Abuja suka yi yawa, masu tifa suka kwashe yashin, suka bar ramuka a ƙarƙashin ruwa.

Wata safiya da damina na tsaya a gaɓa da goyo. Surukata, da ta tsufa tana ƙetare rafin nan, tana laluben ƙasa da sanda.

"Inna, ta ina za mu bi?"

"'Yar nan, ni ma yanzu ban sani ba."

Ina hango ciyawa tana cinye doyarmu. Na ƙara ɗaure majanyi, amma na kasa sa ƙafa.