Mabiyiyar Da Na Hana A Duba

A shekarun da abin nan ya faru ni amarya ce, ban daɗe da zuwa New York daga Kano ba. Maigidana yana aikin ɗaukar kaya a filin jirgin sama, muna haya a wata unguwar New York da ake kira Jamaica, ni kuma ina kula da wata tsohuwa a gidanta. Ina da taurin kai, ga zargi: duk abin da likitocin garin nan suka ce za su yi da jikin mutum, gani nake da wata a ƙasa. Uwata a garin ita ce wata Hajiya 'yar Kumasi da ke saman benenmu, wadda ba na ƙetare maganarta.

Cikina na fari ya shiga watan haihuwa lafiya lau, sai wata safiya na ji motsi ya ɗauke. A asibiti hoton ciki ya nuna zuciyar ta tsaya. Aka tayar min da naƙuda, na haifi ɗa namiji, kammalalle har da sumarsa, bai yi kuka ba. Likitar ta zauna a bakin gadona ta ce tana so a binciki gawar don a gano dalili. Muka ce a'a, a ranar za mu kai shi makwancinsa. Ta ce ta fahimta, to a bar mata mabiyiyar kawai, a kuma ɗebi jinina, domin sau da yawa a nan amsar take. Hajiya ta ce a wurinmu mabiyiya wankewa ake yi a binne, ba a barinta cikin kwalba a hannun baƙi, kuma Wanda ya bayar Shi ya karɓi abinsa, tonon me za a yi? Ni ma a lokacin ji nake neman dalili jayayya ce da ƙaddara. Na juya wa likitar baya, na hana, har jinin.

Da na sake samun ciki, addu'a da tofi babu wanda ban yi ba, awo kuma ban taɓa fashi ba. Amma babu wanda ya san abin da za a tsare. Wannan karon mace ce, ita ma ta zo babu rai. Maigidana bai shawarci kowa ba, ya ce a duba duk abin da za a duba. Bayan wasu makonni likitar ta kira mu. Ta ce mabiyiyar cike take da gudajin jini, gwaji kuma ya tabbatar jinina yana saurin daskarewa, yana toshe hanyar da abinci da iska ke isa ga jariri. Maganin ashe 'yar ƙwaya ce da allura kullum har a haihu. Na tambaye ta, "Da na bari an duba ta farko, da 'yata ta rayu?" Ta ce ba wanda zai iya min alkawarin haka, amma da sun san abin da za su yi.

Hajiya ta sauko ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce in yafe mata. Ban riƙe ta a zuciya ba, don ni na juya wa likitar baya. Limaminmu ma ya ce neman sanin ciwo ba saɓa wa Allah ba ne.

Yau ina da ɗa guda, da allurar nan aka raino cikinsa, kuma duk ranar da ya yi dariya sai na tuna yayarsa. Na yarda da ƙaddara, amma zuciyata ba ta daina ciwo ba. 'Yan'uwana mata, idan Allah ya jarrabe ku da irin wannan, ku binne ɗanku yadda addini ya ce, amma kada ku hana a duba mabiyiya da jininku. Ni sai da na binne biyu na ji amsar da tun na farko aka so a ba ni.