Ragowar Akushin Malam

Akwai wata mage da take hawa katangar gidan nan da nake zaune kullum da la'asar. Ba tawa ba ce, ban ma san gidan da take fitowa ba. Amma in ta buɗe baki ta ja kukan nan nata siriri, wallahi sai in ji ƙamshin miyar kuka da man shanu ya cika mini hanci, in gan ni a tsakar gidanmu na Soron Ɗinki, ina yarinya ko tallan kirki ban iya ba. Lokacin Bature bai tafi ba, dalar gyaɗa tana tsaye a wajen gari, mu kuwa 'yan cikin badalar birni muna ganin duk wanda yake bayanta baƙauye ne.

Ku 'yan yanzu kun ɗauki mage abin ado. Mu a gidanmu ma'aikaciya ce. Kakana, wanda kowa ke ce wa Malam, maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, irin wanda riga ɗaya sai ta yi watanni a zaure kafin a gama ta. Ɓera kuwa bai san rigar attajiri ba. Shi ya sa Malam ya ajiye mage, ja da fari, kunnenta ɗaya a tsage. Kakata, wadda muke kira Iya, ita ta laƙaba mata Zabiya, wai don ba ta da aiki sai ta wage baki ta yi waƙa a ba ta.

Sai dai a gaban Malam ba ta waƙa. Tun da na yi wayo ba ya cin tuwon dare a ƙofar gida da maza, a ɗakin Iya yake ci, bisa buzunsa, cikin wani baƙin akushi da hannu ya goge har yana ƙyalli. Zai yi bismilla ya fasa tuwon, ya ci gefe guda tsaf, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," ya tura wa Iya akushin. Ita kuma ta ci nata. Lomar ƙarshe, wadda ake share miya da ita, wannan ta Zabiya ce. Kafin nan tana zaune a bakin buzu, ta naɗe jela. In kwaɗayi ya ci ƙarfinta ta ɗan yi ƙara, sai Malam ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "A bari masu gida su ci." Shi ke nan, tsit.

Da faɗuwar ruwan farko na wata damina Allah ya karɓi abinsa. Iya ta shiga takaba, ta cire 'yan kunne, ta daina sa kwalli, ta zauna a ɗaki. Masu gaisuwa suna shiga suna fita, kowa da kalma ɗaya a baki: sai haƙuri. Ita kuwa ta yi haƙurin, ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani.

Zabiya ce ba ta yi ba. Ranar da aka share makoki ta fara, kuma ba ta sake rufe baki ba. Ta bi uwata madafa tana kuka, ta bi mu wajen cin ɗumame tana kuka, ta zauna gaban mahaifina tana kallon hannunsa daga kwano zuwa baki har abincin ya fita masa a rai. Babu dabarar da ba a yi ba. Aka kore ta da muciya, ta zaga ta dawo. Aka rufe kwanuka da faifai aka ɗora dutse, aka rataye nono a ragaya, ta zauna ƙarƙashi tana yi wa ragayar waƙa. Uwata ta ware mata kasko, tana zuba mata tun da safe ko za ta ƙoshi a huta. Ta cinye, ta lashe baki, ta ɗora daga inda ta tsaya. Da Baba ya gaji sai ya sa ta a buhu, ya ba mai jakin da ke kawo mana itace, ya ce ya sake ta can bayan gari inda ba ta san hanya ba. Ba a yi mako ba muka tashi da safe muka gan ta a kan turmi, jiƙe sharkaf, duk taɓo, tana gaishe mu da kukan nan nata.

Amma abin da ya fi damun gidan ba mage ba ce. Kwanon Iya ne. Yadda aka kai shi haka yake dawowa, malmala a mulmule, miya ta daskare a kai. Uwata ta sauya tuwon dawa da na shinkafa, ta yi ɗanwake, ta dama fura da nono mai kauri, duk a banza. Tsohuwar da ƙafarta ke girgiza ƙasa ta fara tashi da dafa bango. Na ji Baba yana ce wa uwata a hankali, "In aka ci gaba haka, ba za ta fita takabar nan ba."

Kwatsam sai abu biyu suka gyaru lokaci guda. Kwanon Iya ya fara dawowa fes, mage kuma ta yi shiru. Gida ya yi sanyi. Baba har da cika baki, wai buhu ne ya koya mata hankali. Da aka ga ta yi ɓul-ɓul tana tafiya da ƙyar, sai aka ce ai ciki ta ɗauko a yawonta, mu yara muka fara rabon 'ya'yan tun ba a haife su ba.

Uwata ce kaɗai ba ta yi murna ba. Wata safiya muna wanke-wanke a bakin rijiya ta ɗaga kwanon Iya ta juya shi a rana.

"Zo ki gani," ta ce. "In mutum ya suɗe kwano, yatsunsa suna barin sawu. Kin ga sawu a nan?"

Na duba. Kwanon yana ƙyalli kamar an wanke shi.

"Wannan aikin harshe ne," in ji ta. "Jiya kuma na ga zanen kakarki ya kusa zagaya ta sau biyu."

To, ga gaskiya a hannu, wa zai faɗa? Uwata suruka ce, ko cin goro ba ta yi a gaban Iya, balle ta tsaya a kanta ta ce mata ci. Baba kuwa ɗan fari ne. Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Ku da kuke hira da iyayenku kamar abokai ba za ku gane ba, amma kunya a wancan zamani katanga ce, ba a tsallaka ta don ana jin tsoro. Mutum ɗaya ne a gidan yake da izinin faɗa wa Iya duk abin da ya zo bakinsa: jika. Ni ke nan.

Da magariba na ɗauki kwanon na shiga, na ajiye, maimakon in fita sai na zauna.

"Ke kuma wa ya gayyace ki?" in ji Iya.

"Na zo ganin amaryar da kike kiwo ne, tsohuwa mai ran ƙarfe. An ce a ɗakinki ake mata gara."

"Ja'ira. Tashi ki ba ni wuri."

Ban tashi ba. Sai ga Zabiya ta fito daga ƙarƙashin gado, ta nufi kwanon kai tsaye, ba sallama ba kunya, kamar mai zuwa karɓar gado. Iya ta dube ta, ta dube ni, ta san asiri ya tonu.

"Tun da aka kawo ni gidan nan," ta ce, "ban taɓa fasa tuwon dare ba. Shi yake fasawa. In na ga malmala a mulmule ba wanda ya taɓa ta, hannuna ƙi yake yi." Ta shafa kan magen. "Wannan kuwa, ita aka bari ta yi kuka. Ni an ce in yi haƙuri."

Na kwashe duka na kai wa uwata. Washegari da yamma sai na ga ta sauko da baƙin akushin daga inda aka kife shi, ta wanke, ta zuba tuwo a ciki, ta kwarara man shanu. Ta miƙo mini ta ce, "Kin san yadda yake yi."

Na shiga, na jawo buzun Malam daga jikin bango, na shimfiɗa, na harɗe a kai.

"Sauka daga nan!" Iya ta daka mini tsawa.

"Yau ni ce maigida."

"Maigida da kitso? Allah ya sawwaƙe mini."

Na yi bismilla na fasa tuwon. Na ci gefe guda, tsaf, yadda na sha gani. Na ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," na tura mata akushin. Nan take Zabiya ta fasa kuka. Iya ta gutsuro loma za ta miƙa mata, ni kuwa na ɗaga yatsa ɗaya.

"A bari masu gida su ci."

Hannun Iya ya tsaya a sama. Sai hawayen da ta tara tun ranar jana'iza suka ɓalle, ba ƙara, suna sauka kawai har cikin akushin. Na cafke magen na naɗe ta a zanena, tana tsala ihu tana yaƙushi. Ga tabon nan har yau a wuyan hannuna, in kun zo zan nuna muku.

"Sake ta, azzaluma, yunwa take ji!"

"Ai ke take jira. In kin gama ta samu."

Ta zage ni, ta zagi kakannina, ta manta ita ce. Sannan ta kai lomar bakinta. Ta ƙara wata. Ina jin motsi a bayan asabari, na san uwata ce a tsaye, ba za ta shigo ba, ba kuma za ta iya tafiya ba. Da aka zo ƙarshe Iya ta share miyar da lomar da ta rage, ta ajiye a bakin buzu, na saki Zabiya.

Haka muka yi ta yi kowace magariba. Roƙon da ya hana gida sakat shi ya zama bulalar da nake kora Iya da ita, don ba ta iya jin mage na kuka ta yi jinkiri. A hankali Zabiya ta koma zamanta na da, ta naɗe jela tana jira. Cikin da aka ce tana da shi ya sace, Baba yana ta tambaya ina 'ya'yan. Iya ta fita takaba da ƙafarta, ta sa kwalli, kuma ita ta kama hannuna ta sa mini lalle ranar aurena.

Yanzu ni ce tsohuwar. Gidan Soron Ɗinki an raba shi, an zuba siminti inda rijiyar take, akushin ban san hannun da ya faɗa ba. Ina zaune wajen ɗana a sabuwar unguwa, ɗaki da fanka, ba abin da na rasa. Tun da maigidana ya rasu, abinci a kula ake kawo mini, da faranti da cokali, a ajiye a ja ƙofa, kowa ya koma kan wayarsa. In jikata ta zo ɗauka sai ta leƙa ta ce, "Hajiya ta cinye, madalla," ta wuce.

Ni ba zan ce komai ba, ba a haife ni da roƙo ba. Amma magen katangar nan ta fara ƙiba, kuma har yau ba wanda ya juya farantina a rana.