Baba Jagaba da Kabarin Wansa

Duk wanda ya san kakana, Baba Jagaba, ya san ba ya kama hanya daga gida kai tsaye. Ko Kaduna za shi, sai ya naɗe tabarma, ya ɗauki buta, ya fita bayan Ƙofar Kuyambana ya yada zango, washegari ya tashi. Wai haka ayarinsu na fataken goro yake yi zamanin zuwa Gwanja. Daga inda yake zaune kana hango hayaƙin gidanmu, amma in ka gaishe shi sai ya ce, "Yaya mutanen Zariya? An yi ruwa kuwa can?"

Ran nan kakarmu ta aika masa da tuwo can. Ya ɗanɗana, ya yatsine fuska.

"Kai! Matan garin nan ba su iya miya ba."

Labari kuwa ya iso gida. Da ya dawo, ƙosan bakin kasuwa ne ya riƙe shi har ta huce.

Mota kuwa abokiyar gabarsa ce. "Ka taɓa jin jaki ya ce mansa ya ƙare?"

Amma akwai abin da ke cin ransa. Wansa Audu ya rasu a hanya suna samari, suka binne shi a wani zango gaba da Birnin Gwari, bai sake komawa ba. Shekarar da aka koma tuƙi ta dama na sayi mota, sai ga kira.

"Kai mai akwatin ƙarfe, kai ni in gai da Yaya tun ƙafa ba ta ƙi ba."

"Au, yau ina jakin, Baba?"

"Rufe min baki, ɗan banza!"

Ni da motar sai da muka kwana bayan ƙofa, wallahi.

Da muka isa, ya gane tsamiyar da ke zangon, ya gane dutsen da ke kusa da ita. Sai dai kwalta ta ratsa tsakiyar zangon. Ya taka har tsakiyar titi, direban wata babbar mota yana ta zaginmu, shi ko a jikinsa. Ya durƙusa ya dafa kwaltar.

"Yaya, kai ka ce kada mu binne ka nesa da hanya, don ka riƙa jin wucewar ayari. To, ga shi, gwamnati ta ji ka."

Na fashe da dariya, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sada shi da wansa a Aljanna, su zauna su huta. Amin.